Asankar Kasuwar Kejetia: Wadda Za Ki Ɗauka Da Wadda Za Ki Bar Wa Mai Ita

A Kumasi ta ƙasar Ghana, da wuya a shiga gida a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo a rasa baƙin kaskon nan mai zane a ciki, kife a gefen murhu ko jingine da bango. Asanka ke nan, kaskon niƙan kayan miya, wadda Asantawa ke ce wa apotoyewa, da ɗan guntun icenta mai kai biyu da siririn ƙugu, tapoli. Bilanda ta shiga gidaje da yawa amma ta kasa korar ta. Sai dai abin da ake jibgewa a Kejetia da sunan asanka yanzu iri uku ne: ta yumɓu, ta alminiyam ɗin da ake narkawa a zuba, da ta roba. A ganinmu ta yumɓu matsakaiciya ce abin saye, in uwargida ta iya zaɓe. Ta alminiyam a bar ta inda aka gan ta. Ta roba kuwa kwano ne da aka yi wa zane, tapoli na santsi a kai, ba mu da abin cewa a kanta da ya wuce haka.

Ta yumɓun mata ne ke gina ta. Pankrono, nan kan hanyar Mampong da an wuce Tafo, tsohon gari ne na magina tukwane, haka ma Mpraeso a kan tudun Kwahu, shi ya sa mai zuwa daga Accra yake ganin asanka jere a bakin titi in ya kusa Nkawkaw. Zanen cikin ana tsaga shi ne tun yumɓun na ɗanye, kuma shi ne haƙoran da ke yin niƙan. Baƙin launin ba fenti ba ne, hayaƙi ne: tana fitowa daga wuta da zafinta ake rufe ta da garin katako ko ganye, hayaƙin ya shige jikinta. Abin da ya kamata a riƙe shi ne gashin ba a cikin injin da ke auna zafi ake yin sa ba. Tari guda ake yi a cinna wuta, ta tsakiya ta gasu sosai, ta gefe wuta ta ɗan lashe ta kawai, amma duk su fito baƙi ƙirin, a ɗora su mota ɗaya, a sa musu kuɗi ɗaya. Wannan shi ne babban aibin kayan. Ido ba ya raba su, kuma ba wanda zai karɓa in kin dawo da ita bayan kwana uku.

Don haka kada ki tsaya daga nesa ki nuna da yatsa. Ki gaida mai kayan, ki ce, “Maame, bari in duba da hannuna,” ki tsuguna. Ɗora asankar a kan yatsun hannun hagu, kada ki riƙe bakinta, sai ki ƙwanƙwasa gefen da kuɗin ƙarfe ko bayan yatsa. Wadda ta gasu za ta amsa da ƙara mai tsini, ƙal, har ki ji sautin ya ɗan ja. Wadda ba ta gasu ba, ko mai ɓoyayyar tsaga, sai ta ce ɗum, sautin ya mutu nan take. Ki ƙwanƙwasa a wuri uku ko huɗu kewaye da bakin, domin tsaga ɗaya tana iya ɓuya a gefe guda. Daga nan ki kife ta ki karta gindin da farce. In gari ya biyo farcen, ajiye ta. Ƙasar da ta biyo farce za ta biyo tumatir. Ki shafa cikin da tafin hannu ki ji haƙoran: ana son su da zurfi da kaifi, su hau daga gindi har kusa da baki. Akwai masu zane sama-sama kamar an ja tsintsiya, waɗannan wata kaɗan za su yi su shafe. Sai ki ajiye ta a kan siminti ki danna baki ɗaya ki ga ko tana rawa. Kaurin gindi kada ya gaza kaurin yatsa. Mai kaya da ta san kayanta ba ta jin haushin wannan, wata ma ita za ta zaro miki ta ƙasan tari. Wadda ta fara hura hanci tun daga ƙwanƙwasar farko, ki matsa gaba, masu sayarwa ba su ƙare ba.

Girma kuma, mai faɗin baki santimita 25 zuwa 30 ita ce ta gida mai mutum huɗu zuwa shida. Ƙaramar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kayan na tsallakewa waje da an fara murzawa. Babbar da ake zuba fufu a cikinta a gidajen abinci ta ci ce, ta yi nauyi ga aikin kullum.

Tapolin da ake haɗa miki kyauta yawanci shi ne mafi rauni a cinikin. Icen ba nauyi, wani ma bai gama bushewa ba, sai ya tsage da hunturu ya shigo, ko ya riƙa zubar da zare-zare a cikin yaji. Gara ki ƙara kuɗi ki zaɓi naki: mai nauyi a hannu, wanda farce ba ya shiga, ba fenti ba banish, ƙugun ya cika tafin hannunki. Ki gwada kansa a cikin asankar da kika zaɓa. In kan ya yi faɗi ya ƙi zama a gindin, ko ya yi tsini yana taɓa wuri ɗaya kawai, ba nata ba ne. Wajen kaiwa gida, a naɗe ta da tsumma ko kwali a riƙe a cinya cikin trotro (motar haya) ko pragya (keke mai ƙafa uku). In an sayi biyu a sa kwali tsakani. Kada a bari a ɗora ta a ƙasan kwandon kaya a jibga doya a kai.

Sabuwar asanka ba a fara aiki da ita ranar da aka saya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, wadda ke son ta yi aikin Sallah ta saya da mako guda a gaba. A wanke ta da ruwa zalla da buroshi, a cika ta da ruwa a ajiye a kan busasshen siminti na rabin awa. Ɗan gumi a jikinta ba komai ba ne, yumɓu ne. In kuwa aka ga ɗigo ko layin ruwa a wuri ɗaya, akwai tsaga. Wadda ta tsallake wannan sai a jiƙa ta kwana ɗaya, a kife ta ta bushe sarai, yini guda cur. Sannan a zuba jiƙaƙƙiyar ɗanyar shinkafa cikin hannu ɗaya da gishiri mai tsakuwa cokali ɗaya, a murza ko'ina har bakin zanen. Karon farko ƙullun zai fito toka-toka, wato yashi da baƙin hayaƙi ne ke fita. A zubar, a sake, har ya fito fari. Sau biyu ko uku kan isa. In an kai karo na biyar yana fitowa da ƙasa, an sayi wadda ba ta gasu ba, ba gyaran da zai yi mata. Bayan ta sake bushewa a shafe cikin da manja cokali biyu, a ɗora a kan kurfoti (murhun gawayi) da garwashinsa ya kwanta ya yi toka, minti 10 zuwa 15, a sauke a bar ta ta huce da kanta. Man yana shiga ƙananan ƙofofin yumɓun ya toshe su, ta rage shan ruwa da riƙe wari. Nan ne mutane suka fi fasa ta, ta hanya biyu: ko su ɗora ta da sauran damshi, ruwan da ke cikin yumɓun ya zama tururi ya tsaga ta, ko su ɗora a kan harshen gas, gindi ya ɗau zafi baki na sanyi. Ruwan sanyi a kan mai zafi ma haka yake yi mata.

To, me take yi da ya sa ake wannan wahala? Ɗauki yajin dokunu (tuwon masara mai tsami da ake dafawa a naɗe cikin ganye) da soyayyen kifi na mutum huɗu: attaruhu huɗu ko kpakpo shito (ƙananan koren barkono) guda takwas, albasa matsakaiciya ɗaya, tumatir uku nunannu, gishiri rabin ƙaramin cokali. Jerin sakawa shi ne sirrin. Barkono da gishiri ne farko, domin gishirin yana kama fatar da 'ya'yan ya taimaki haƙoran. In sun narke a sa rabin albasar da aka yanka ƙanana. Tumatir ne ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, an yanka an ɗan matse ruwan. Wadda ta fara da tumatir za ta yi ta bin barkono yana iyo yana guje wa tapoli, ta gaji ba ta niƙa komai ba. Sauran albasar a yanka a watsa a kai. Minti biyar zuwa bakwai an gama. Ba a daka a cikin asanka, wannan aikin turmi ne. Hannun hagu na riƙe da baki yana ɗan juya ta, na dama ya danna tapoli ya murɗa daga wuyan hannu, yana jan kayan daga gefe zuwa gindi. Duk asankar da aka ga gindinta ya ɓule, an yi mata luguden turmi ne.

Bilanda kuwa sai an ƙara mata ruwa kafin wuƙarta ta kama, kuma tana kaɗa iska a ciki. Shi ya sa yajinta ke fitowa da kumfa, launinsa ya koɗe, ya yi ruwa, in ya ɗan zauna ruwan ya ware gefe. Na asanka jajir yake, mai kauri, dokunu ya ɗebo shi ya zauna a kai. Murzawa tana fasa albasa da citta da tafarnuwa ta fitar da mansu, ƙamshin ma daban ne. Haka abin yake ga abom: ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, ƙulli biyu a dafa shi ya nuna sosai (in bai nuna ba zai yi ƙaiƙayi a maƙogwaro), a murza barkono da albasa, a sa ganyen da ɗan gasasshen koobi (busasshen kifi mai gishiri), a soya albasa a manja ludayi ɗaya a kwarara a kai, a ci da dafaffen agade ko doya da ƙwai a cikin asankar. Bilanda za ta mai da wannan kunu. Dafaffen yalo, dafaffiyar kuɓewa, daddawar da za a sa a miyar ayoyo ta tuwo, duk nan asanka ta fi kyau. Ga shi ba ruwanta da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ta cin kuɗin mita.

Inda ba ta da amfani ma a faɗa. Markaɗen biki ko na miyar tukunya babba, a ba bilanda ko a kai nikanika (sunan da ake kiran injin niƙa da shi a Ghana, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe daga ina kalmar ta fito ba). Waken ƙosai ma can ne wurinsa. Busassun kayan yaji masu tauri irin na koko, kanumfari da masoro da kimba da busasshiyar citta, suna cinye haƙoranta, a kai su turmi. Kanwa ma haka. Ɗanyen nama da ɗanyen kifi kada su shiga cikinta ko da na ɗan lokaci ne, saboda yumɓu yana shan ruwansu, wanki ba ya kai wa can ciki. Kuma tana fashewa, wannan ba makawa; ko an lallaɓa ta, wata rana haƙoran za su shafe ta fara santsi. Kuɗinta bai kai a yi kuka ba.

Wannan fashewar ce ke tura mutane ga ta alminiyam, kuma a ido tana da kyau: ba nauyi, ba ta tsagewa, a wanke da sabulu a rataye. Amma alminiyam ƙarfe ne mai laushi. A murza tumatir a cikinta a shafa farin tsumma, za a ga toka-toka, ƙarfen ne ke goguwa, kuma tsamin tumatir yana ƙara cin sa. Abin da ya fi wannan shi ne daga me aka zuba ta. Masu zubin gargajiya tarkacen ƙarfe suke narkawa, har da na injin mota da gwangwani, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan irin waɗannan tukwane a ƙasashen Afirka da dama, har da Ghana, sun sami dalma a cikin wasunsu. Dalma ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ba kowace asankar alminiyam ce ke da ita ba, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa a kasuwa, kuma kayan da aikinsa gurza ne da tsami shi ne na ƙarshen da za a yi caca da shi.

Wankin ta yumɓu da an gama ne, kafin yaji ya bushe a cikin zanen. Ruwan ɗumi da buroshi mai tauri da aka ware mata, a bi layin zanen. Soson raga yana maƙalewa a haƙoran ya bar zare, soson ƙarfe kuma yana cinye su. Sabulu in ya zama dole, kaɗan, a ɗauraye nan da nan. In aka jiƙa ta cikin ruwan omo, yajin gobe zai yi ɗanɗanon omo. Warin koobi ko tafarnuwa, rabin lemon tsami da gishiri ke fitar da shi. A kife ta a jingine yadda iska za ta shiga ta ƙasa. Damshin Kumasi a watan Yuni da Yuli ba ya barin ta bushe da wuri, in aka tura ta cikin kabad da laima sai a tarar da farin fumfuna a cikin zanen. Maganinsa buroshi da ruwan zafi da gishiri, sai rana yini guda, a sake shafa manja. Tapoli ba a barin sa cikin ruwa, ba a shanya shi a rana tsaka. Ɗan man gyaɗa sau ɗaya a wata yana hana shi tsagewa. In hannu ya ɗau zafin attaruhu, a fara shafa mai sannan a wanke da sabulu, domin abin da ke yin zafin a mai yake narkewa, ruwa zalla yaɗa shi yake yi.

Abu ɗaya da ba a sayar da ita da shi, alhali tana bukata, shi ne gammo. A kan tayil ko teburin kicin tana zamewa, kuma gindinta na gurzuwa. Tsohon zani ya isa. A yaga tsiri biyu masu faɗin santimita 10, tsawon mita biyu kowanne. A murɗe na farko kamar igiya, a naɗa shi ya zama zobe, ramin tsakiya ya kai santimita 10 zuwa 12. A ɗauki na biyu a riƙa zura shi ta ramin ana naɗe zoben da ƙarfi har ya rufe, a ɗinke bakin da zare mai kauri. In ramin ya yi ƙanƙanta asankar za ta yi ta lilo a sama, in ya yi faɗi gindin ya taɓa ƙasa, don haka a gwada kafin a ɗinke. Wanda ya naɗa tsirin tsohon tub ɗin keke a kai ya sami gammon da ba ya motsi ko a kan jiƙaƙƙen tayil. Faifai kuma shi ne murfinta.

Wadda ta tsage kada a liƙe ta da gam a ci gaba da niƙa, gam ɗin zai ɓanɓare ya shiga abinci. Amma ba ta zama tsingaro ba tukuna. In tsagar ƙarama ce, a zuba yashi kaurin yatsa biyu a ciki, ta zama kaskon turaren wuta. Yashin ne ke tare zafin garwashi daga yumɓun. Ko a yi shuka a ciki: a jiƙa ta kwana ɗaya don yumɓun ya yi laushi, a huda gindin a hankali da ƙusa ana murzawa, ba da guduma ba, a rufe ramin da ɗan tsingaro, a zuba ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ba ta da zurfi, saboda haka na'ana'a da albasa mai lawashi ne suka dace da ita. Tumatir ko barkono za su tsaya a tsumbure.

Ƙananan nan da muka ce ba su da amfanin niƙa, suna da wani wurin. A maimakon robobin da ake manna wa hoto a raba a wurin aure ko suna, waɗanda kowane gida a Zongo ya tara har sun rasa wurin ajiya, ƙaramar asanka da aka yi wa ado tana zama tsaraba da ake ajiyewa. A saye su da yawa a wuri ɗaya a nemi ragi, kuma a ƙara biyu ko uku a kan kowace ashirin saboda fashewa. Waɗannan ba a shafa musu manja, fenti ba ya kama mai. A goge bayan da ɗanyen tsumma har baƙin ya daina fita, a bari ya bushe. A dama farin gam ɗin kafinta da ruwa daidai wa daida, a shafa siriri a bayan, a ba shi awa biyu. In aka tsallake wannan, yumɓun zai shanye fentin zanen ya dushe. Sai a yi zane da fentin akirilik, fari ko ruwan zinare, su suka fi fita a kan baƙi. Tsinken tsire ya fi buroshi fitar da siririn layi, kuma mai zanen lalle ta unguwa za ta yi wannan aikin fiye da kowa, hannunta ya riga ya saba. Dagi, ko furen lalle, ko alamar adinkra, zanen gargajiya na Asantawa, irin ta garin Ntonso, da sunan jariri da kwanan wata a ƙasa. A bar shi ya kwana, a shafa banish sau ɗaya, a bar faɗin yatsa biyu daga baki ba fenti, cikin kuma kada a taɓa shi sam. A zuba dabino ko goro ko ƙullin turaren wuta, a ɗaure da yadin raga.

Sai dai a gaya wa waɗanda aka ba cewa ta busassun kaya ce. In aka zuba mata ruwa, yumɓun zai sha ya tura damshin waje, ya tarar da banish ya rufe hanya, fentin ya kumbura ya ɓare cikin 'yan makonni.